Hoto Ya Ƙi Fitowa: Tarihin Ɗan Akwatin Nan da Ba Kowa Ciki

Bara, wajen ƙarshen damina, ina tsakiyar tara kayan memuwar ɗina a kan rubutun allunan shaguna da na jikin motoci, sai wani malaminmu ya ba ni adireshin wani tsohon shafi a intanet. Ya ce wani bawan Allah ne ya zaga Maraɗi da Damagaram da kyamara wajen shekara ashirin da suka wuce, ya ɗauki allunan teloli da na masu aski da na masu sayar da ƙanƙara, har da bayan manyan motoci, wasu da boko wasu da ajami, ya zuba su duka a wurin. Ga mai aiki irin nawa, wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Allo ba ya daɗewa a bakin shago. Shekara uku ko huɗu rana ta cinye fentin, a goge a rubuta sabo, sau da yawa ma da wani salon rubutu dabam. Wanda ya ɗauki hoton allo a 2003 ya kama mana Hausar titi ta wannan shekara kafin ta kuɓuce.

Na sayi forfe na dala ɗari, na sami wuri a inuwa, na buɗe shafin. Rubutu ya fito sumul, har da kan magana da gaisuwar mai shafin. Hotuna kuwa arba'in da uku ne, na ƙirga gurabensu, amma ko ɗaya bai fito ba. A kowane gurbi sai ɗan akwati fanko, da wata ƴar alama a kusurwarsa mai kama da hoton da aka yage.

Abin da kowannenmu zai yi shi na yi: na ɗora wa rezo laifi. Na sake buɗe shafin sau biyar. Na tashi na koma kusa da bango inda aka ce rezo ya fi ƙarfi. Na bar Chrome na gwada Firefox, na goge tarkacen da burauza ke ajiyewa na shafukan da aka taɓa buɗewa, na duba ko na kunna abin tattalin mega ban sani ba. Washegari na ari kwamfutar wani aboki. Duk kanwar ja ce. Daga ƙarshe na kira yayana, ɗan wan babana, wanda ya yi shekaru yana riƙe da siber a Maraɗi kafin ya koma gyaran salula.

"Ɗan jami'a, mi ya hwaru?" in ji shi.

Na yi masa bayani. Ya ce, "Bar wahal da kanka. Danna bisa akwati guda ka riƙe, ka ce a buɗe maka hoton shi kaɗai. Ka karanto mini adireshin da ka gani sama."

Na yi. Adireshin ya fara da wani suna dabam, ba sunan shafin da nake ciki ba, kuma burauza ta ce ba ta sami wurin ba.

"To ka gani, ƙanena. Hotunan ba nan suke ba tun hwarko. Gidan haya anka aje su, mai gida kuwa ya rushe gidanshi. Ko rezon Faransa ka samu ba su hitowa."

Wannan magana ita ta hana ni barci. Ni a tunanina shafin intanet kamar shafin littafi ne, hoto manne da rubutu, in akwai ɗaya akwai ɗayan. Ashe ba haka ba ne, kuma akwai ranar da aka yanke cewa ba haka zai zama ba. Tarihin wannan rana da abin da ya biyo bayanta nake so mu duba tare.

Yanar gizo, wato wannan ɓangare na intanet da muke shiga da burauza, ta faro ne daga wata takarda da Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, ya rubuta wa shugabanninsa a watan Maris na 1989. A lokacin yana aiki a CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke kusa da Jeneba a ƙasar Suwis. Damuwarsa ita ce yadda masana za su riƙa samun takardun juna ba tare da yawo daga ofis zuwa ofis ba. Saboda haka shafukan farko rubutu ne zalla, da kalmomin da in ka danna su kai ka wata takarda. In akwai hoto, sai ka danna, ya buɗe a tagarsa shi kaɗai, kamar yadda ake ba ka takarda sannan a miƙo maka hoto a ambulan.

Ranar 25 ga Fabrairu 1993 wani ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka, Marc Andreessen, ya aika wa masu aikin gina yanar gizo da saƙo. Shekararsa ashirin da ɗaya a lokacin, wato sa'anmu ne, ku riƙe wannan. Shi da abokin aikinsa Eric Bina suna haɗa wata burauza mai suna Mosaic a cibiyar NCSA. Shawarar da ya kawo ita ce a ƙara wata alama a cikin HTML, harshen da ake rubuta shafuka da shi, a kira ta IMG, a liƙa mata wani gurbi mai suna SRC inda za a rubuta adireshin hoto. In burauza ta iso wannan alama, sai ta je adireshin ta ɗauko hoton ta dasa shi a tsakiyar rubutu. An yi ta musu. Wani ya ce a kira alamar ICON, wasu suka ce me ya sa hoto kaɗai, a yi alama ɗaya da za ta ɗauki sauti da sauran abubuwa. Berners-Lee kansa ya fi son a yi amfani da alamar haɗi da ake da ita. Yaron bai jira an gama musun ba. Ya sa abinsa a cikin Mosaic ya sake ta, mutane suka ga shafi da hoto a ciki, shi ke nan magana ta ƙare. A cikin Afrilun wannan shekara kuma CERN ta bar wa duniya fasahar yanar gizo kyauta, abin ya bazu kamar wutar daji.

Ku lura da abin da ke cikin shawarar. Shafi bai ɗauke da hoto, adireshin hoto yake ɗauke da shi. In ka buɗe shafi, burauza tana fara karɓo rubutun daga sabar, wato kwamfutar da ke ajiye da shi, ta karanta, sannan duk inda ta ci karo da IMG ta tashi ɗan aike dabam. Shafi mai hoto arba'in da uku aike arba'in da huɗu ke nan. Kowa ya taɓa aiken yaro ya san hanyoyin da aike ke lalacewa: a faɗa masa gidan da ba shi ba, ya je ya tarar an tashi, mai gida ya ce ba ya bayarwa, ruwa ya tare shi a hanya, ko ya dawo da ƙunshin da ba mai iya kwance shi. Kusan duk dalilan da ke hana hoto fitowa suna cikin waɗannan, kuma kowane ɗaya yana da nasa zamani a tarihin. Har lambobi aka ba su: 404 in an je ba a tarar da kayan ba, 403 in mai gida ya hana.

Shi ɗan akwatin kuwa, hanyar burauza ce ta cewa ɗan aike ya dawo hannu rabbana. A Netscape, wadda Andreessen da abokansa suka fitar a 1994, ƴar takarda ce yagaggiya da ƴan siffofi masu launi. Waɗanda suka yi zamanin siber da Internet Explorer ba za su manta da jan gicciyen nan a cikin farin akwati ba. Yayana ya ce akwai masu zuwa su biya kuɗin awa guda su tashi ba abin da suka gani sai shi, har wani dattijo ya taɓa tambayar sa ko alamar asibiti ce.

Abu na farko da ya fara cika shafuka da akwatuna shi ne tsawon hanya da ƙarancin ƙarfi. A 1994 mai shiga intanet daga gida a Amurka da layin tarho yake shiga, da na'urar da galibi ke ɗaukar bit 14,400 a daƙiƙa. Ku yi lissafi: hoto ɗan ƙarami mai kilobait 50 sai ya ci kusan rabin minti. Shi ya sa burauzocin lokacin suka zo da maɓallin kashe hotuna, mutum ya karanta rubutu, in ya ga akwatin da ya ja hankalinsa ya danna a ɗauko masa shi kaɗai. Da na karanta wannan sai na yi dariya, don rayuwarmu ce aka bayyana, shekara goma sha biyar kafin ta iso mu. Wa ya manta da Opera Mini da kashe hotuna don kar kiredi ya ƙare? A 2010 Facebook ma ta fito da wani shafinta na rubutu zalla don ƙasashe irin namu, ka ga an rubuta cewa wane ya sa hoto, mutum talatin sun yaba, kai kuwa sai dai ka ƙiyasta. Kuma namu nisan ya fi nasu, don Nijar ba ta da teku, zarenmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa. A Yulin 2009 da wayar SAT-3 ta sami matsala, Binin da Togo da Nijar duk sun ji a jikinsu. A Maris na 2024 wayoyi huɗu suka lalace lokaci guda a gaɓar Kodebuwa, an sake ganin irin haka. A irin waɗannan ranaku rubutu kan lallaɓo ya iso, don ba shi da nauyi. Hoto ne ke kwana a hanya.

Daga wannan matsala aka sami abin da ni, a matsayina na ɗalibin harshe, na fi ƙauna a duk labarin. IMG ɗin da Andreessen ya kawo ba ta da wani tanadi ga wanda ba zai ga hoton ba. Alhali akwai masu amfani da Lynx, burauzar da aka yi a Jami'ar Kansas, wadda ba ta nuna komai sai haruffa. Akwai kuma makafi, waɗanda na'ura ke karanta wa shafi da murya. Su duka in sun iso wurin hoto, iyakar abin da ake faɗa musu shi ne akwai hoto a nan. Hoton me? Oho. Sai aka ƙara wa alamar wani gurbi mai suna ALT, inda mai shafi zai rubuta da kalmomi abin da ke cikin hoton, don in hoton bai zo ba kalmomin su tsaya a madadinsa. Yana cikin ƙa'idar HTML ta 1995, kuma a ta 1997 aka ce wajibi ne. Wajibi a takarda dai, don burauza ba ta taɓa ƙin buɗe shafi saboda an bar ALT fanko ba, mutane kuwa abin da ba a tsare su a kai ba ba sa yi. A shafin da nake ba ku labari, akwati shida ne kawai cikin arba'in da uku ke da ƴan kalmomi a ciki, da Faransanci: allon tela a Damagaram da ajami, bayan mota a tashar Maraɗi, irin haka. Sauran ba abin da suka bari sai sunan da kyamara ta raɗa musu, haruffa uku da lamba huɗu. Ina jin mutumin ya fara da himma ne, ya gaji a hoto na shida. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na gaji. Amma waɗannan layuka shida su ne suka rayu bayan hotunan sun mutu.

Sai batun ƙunshin da ba a iya kwancewa. Hoto a kwamfuta lambobi ne da aka matse bisa wani tsari, kuma sai burauza ta san tsarin take iya mayar da shi hoto. GIF, wanda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987, shi ne na farkon yanar gizo, launi 256 kawai yake ɗauka. JPEG na 1992 ya fi dacewa da hoton kyamara. A ƙarshen 1994 aka wayi gari kamfanin Unisys na neman a biya shi, don dabarar matsewar da ke cikin GIF mallakarsa ce a doka. Ran masu shirya manhaja ya ɓaci, cikin ƴan watanni wasu ƴan sa-kai, Thomas Boutell na gaba, suka ƙirƙiro PNG wanda ba mai shi, aka amince da shi a 1996. To amma amincewa dabam, burauzoci su koye shi dabam: Internet Explorer ba ta iya nuna PNG mai shara-shara daidai ba sai 2006, bayan ma haƙƙin Unisys ɗin ya ƙare a Amurka tun 2003. Wasan bai canja ba har yau. Google ta kawo WebP a 2010, Safari ba ta karɓe shi ba sai 2020. In ɗan'uwanka mai iPhone ya turo maka hoto mai wutsiyar HEIC tsohuwar kwamfutarka ta tsaya tana kallon ka, rigimar nan ce dai ta sake riga.

Yanzu ga inda abin ya taɓa mu kai tsaye: suna. Ɗan aike na kwamfuta ba ya da hankalin cewa ai wane ake nufi. Sunan da aka ba shi, shi zai nema harafi da harafi. A yawancin sabar, Kasuwa.JPG da kasuwa.jpg abubuwa biyu ne, alhali a kwamfutar Windows da aka shirya shafin ɗaya ne. Shi ya sa sabon mai koyo zai rantse maka cewa a wurinsa komai na fitowa. Wani ma adireshin cikin kwamfutarsa yake sawa, wanda ya fara da C, ya ɗora shafin, shi kaɗai a duniya ke ganin hotunan yana ta murna.

To ina ga sunan da ke da ƙ ko ɗ? Adireshin intanet an gina shi a kan ASCII, jerin alamomi 128 da Amurkawa suka tsara a shekarun 1960 don Ingilishi. Ko é ta Faransanci ba ta ciki, balle namu masu lanƙwasa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, mu a Nijar muka ƙara da ƴ inda ƴan'uwanmu na Najeriya suka fi rubuta 'y, kuma dokar rubutun Hausa ta 1999 ta tabbatar mana da ita. Unicode, babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya fito a 1991 kuma haruffanmu na ciki tun farkonsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, ƴ U+01B4. Amma kafin ƙ ta shiga adireshi sai an juya ta zuwa %C6%99. In ka raɗa wa hotonka ƙofa.jpg, abin da ke tafiya a waya shi ne %C6%99ofa.jpg, kuma a shekarun baya in burauza da sabar ba su yi amfani da tsarin juyawa ɗaya ba, sai ɗan aike ya je yana kiran sunan da ba mai amsa shi. Shawarar da masu sana'ar ke bayarwa har gobe ita ce a cire lanƙwasa daga sunan fayil. Ka rubuta kofa, ka rubuta baki ko da baƙi kake nufi, kai dai ka san abin da ka aje. Shawara ce mai aiki, ni ma ita nake bi, amma duk sanda na bi ta sai na ji kamar an ce in cire hula kafin in shiga ofis.

Akwai ma ƙanen wannan akwati, wanda duk mai rubuta Hausa a salula ya sani: ka rubuta ƙasa, abokinka ya ga ɗan murabba'i sannan asa. Nan lambar harafin ta iso lafiya, zanensa ne babu a cikin na'urar. Masu sana'ar suna kiran wannan murabba'i tofu, wato awara, don kamar da suka yi, har Google ta raɗa wa tarin haruffanta suna Noto da nufin a daina ganin awarar. Ban san ku ba, amma ni na ji daɗi da na gano cewa awarar da muke ci da yaji a bakin fak ta shiga tarihin kwamfuta.

Ajami kuwa ya fi boko shan wuya, kuma a nan ne na fahimci girman abin da na rasa. Ajaminmu ba Larabcin Masar ba ne. Salon rubutun Magrib muke bi da ƙira'ar Warshu, da ɗigon imala a ƙasa, da haruffan da malamai suka ƙara wa ɗigo don sautukan da Larabci bai da su. Wasu daga cikin waɗannan haruffa sai a 2020 aka shigar da su Unicode. Kafin nan, kuma a gaskiya har yanzu ga yawancin mutane, hanya ɗaya ta sa ajami a intanet ita ce a ɗauki hotonsa. Haka jaridun Larabawa ma suka yi a tsakiyar shekarun 1990, suna ɗora labaransu a matsayin hoto don burauzoci ba su iya haruffansu ba, amma su tuni suka wuce wurin. Mu muna nan. Ma'ana, in hoton boko ya ɓace, akwai yiwuwar wani ya kwafe kalmomin a ƙasa. In na ajami ya ɓace, rubutun ne ɗungurungum ya tafi, don hoton shi ne rubutun. Dubban takardun Larabci da ajami da ke ajiye a IRSH nan Yamai, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, suna da takardarsu ta asali da za a koma wa. Allon tela ba shi da wannan gata.

Saura rushewar gidaje, wadda ita ce ta same ni. Da yake hoto na da nauyi kuma wurin ajiya kuɗi ne, mutane sun saba ɗora hotuna a gidajen kyauta su sa adireshin a shafinsu. GeoCities, wadda aka kafa a 1994, Yahoo ta saye ta a 1999, ta ba miliyoyin mutane wurin kafa shafi kyauta. A Oktoban 2009 aka rufe ta, sai abin da wasu ƴan sa-kai suka yi rige-rigen kwashewa kafin ranar. A tsakiyar 2017 Photobucket ta ce daga yanzu duk mai son hotunansa su ci gaba da fitowa a wasu shafuka sai ya biya dalar Amurka 399 a shekara. Cikin kwana ɗaya bayanan gyaran mota da na ɗinki da na girki na shekara goma da wani abu suka koma rubutu mai cewa ka duba hoton da ke ƙasa, ƙasan kuwa ba komai sai sanarwar neman kuɗi. Gidan da ya cinye nawa hotunan ba ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba ne, wani ƙarami ne da ya mutu ba a ko yi masa zaman makoki ba. Cibiyar Pew ta Amurka ta auna abin a 2024, ta tarar kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke nan a 2013 ba a samun su bayan shekara goma. Shafuka ke nan. Hoton da ke zaune a wani gida dabam yana da hanyar mutuwa biyu, tasa da ta shafin.

Wani lokaci ma gidan na nan, kayan na nan, burauza ce ke ƙin karɓa. Tun wajen 2020 Chrome ta fara ƙin ɗauko hoto ta tsohuwar hanyar http in shafin kansa ta https mai tsaro ya zo. Dalilin mai kyau ne, amma tsofaffin shafukan da ba mai kula da su su suka biya kuɗin. Irin wannan yana da magani: buɗe hoton shi kaɗai kamar yadda yayana ya koya mini, sau da yawa sai ga shi. Wannan ɗan gwaji shi ke raba maka matsalar da ke gefenka da wadda ke can. In hoton ya buɗe shi kaɗai, laifin na burauza ne ko na shafin. In duk shafukan duniya ne ba sa nuna maka hoto, duba rezo da saitin na'urarka. In kuwa 404 ka gani, ko aka ce ba a san gidan ba, to kar ka ƙara ƙona mega.

Yayana ne dai ya sake ba ni dabara ta ƙarshe. Akwai Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, tana zagawa tana kwafar shafuka tana ajiyewa, kuma tun 2001 kowa na iya shiga ya ga yadda shafi yake a shekarun baya. Na sa adireshin shafin, na tarar an kwafe shi sau da dama, amma nan ma akwatuna ne, don na'urar da ke kwafar ita ma ɗan aike take tashi, kuma ba kullum take bin kowane hoto zuwa gidansa ba. Sai na bi adireshin hotunan ɗaya bayan ɗaya, arba'in da uku, dare biyu ina yi a fada ana ba ni shayi ana yi mini dariya wai ina neman aljanu. Tara suka fito. Bakwai na boko, biyu na ajami, ƙanana ƙwarai, in ka faɗaɗa su sai ɗigon haruffa ya narke ka kasa bambance ba da ta. Allon telan nan na Damagaram ba ya cikinsu. Da hutu na je garin, na bi unguwar Birni da Zango ina tambayar tsofaffin teloli. Na sami masu allo da yawa, duk da boko ko Faransanci, wasu ma bugun inji ne a kan leda da hoton riga daga intanet. Wani dattijo ya ce ya tuna ana rubuta irin wancan, amma mai rubuta musu ya rasu da daɗewa.

Hotuna tara ɗin sun shiga memuwar. Nawa da nake ɗauka yanzu kuwa, kowane ɗaya sai na zauna na kwafe abin da ke jikinsa harafi da harafi, da wurin da ranar, a fayil dabam da kuma cikin kaye. Na so in sa muku ɗaya a wannan ɗan littafi, amma duk mun san abin da injin fotokofi ke yi wa hoto, baƙin murabba'i kawai za ku samu. Saboda haka ga shi da baki. Allon katako ne mai shuɗin fenti, jingine da wani firji a bakin titi a Maraɗi, an ɗauke shi da rana tsaka don inuwar mai kyamarar na kwance a gefensa. An rubuta da farin fenti, layi biyu, manyan haruffa: AKWAI ƘANKARA DA RUWAN SANHI. Ƙ ta farko tana da lanƙwasarta, kuma da gani daga baya aka ƙara ta, don fentin wurin ya fi sauran haske. Ta biyun an bar ta K. A ƙasa, da ƙananan haruffa da suka karkace don wuri ya ƙare, an sa farashi: dala biyar.